Barry Buzan ba ɗan Denmark ba ne: inda ya yi aiki da yadda za ka rubuta shi a kundinka

Ɗan'uwa, ka ce a babi na biyu na kundin digirinka na biyu ka rubuta "Barry Buzan, masani ɗan ƙasar Denmark na Jami'ar Kofanhegan", malamin da ke duba aikin ya ja jan biro a ƙarƙashi ya sa alamar tambaya bai ce komai ba, kuma kana son sanin ina kuskuren yake da jami'ar da ya kamata ka jingina shi da ita. Malaminka na da gaskiya. Kurakurai biyu ne a wannan jimla, kuma dukkansu daga sunan "Mazhabar Kofanhegan" suka samo asali, wato laƙabin da ake kiran Buzan da abokan aikinsa da shi a fagen nazarin tsaro.

Buzan, masanin hulɗar ƙasa da ƙasa, ɗan Birtaniya ne. A Landan aka haife shi a 1946, iyayensa suka ƙaura da su Kanada yana yaro, a can ya yi digirinsa na farko a Jami'ar British Columbia ya gama a 1968. Daga nan ya koma Landan ya yi digirin digirgir a makarantar nazarin tattalin arziki da siyasa da aka fi sani da LSE, ya kammala a 1973. Mutane da yawa ba su san cewa ba da harkar tsaro ya soma ba. Littafinsa na farko, Seabed Politics, na 1976, a kan rigimar ƙasashe ce game da wa ke da ikon arzikin da ke kwance a ƙasan teku.

Aikin koyarwa na dindindin ya same shi ne a Jami'ar Warwick a 1976, ya zauna nan har 1995, wajen shekara ashirin. A nan ya tako matakan da muka sani a jami'o'inmu, don tsarin Birtaniya muka gada: lakcara, babban lakcara, rida, sannan farfesa. Daga nan har zuwa 2002 yana Jami'ar Westminster a Landan. A 2002 ya koma LSE, inda ya yi ɗalibta, ya zauna har ya yi ritaya a 2012. Wato jami'o'i uku ke nan da ya riƙe cikakken muƙami a cikinsu, kuma duk ukun a Ingila suke.

To ina Kofanhegan ta shigo? Daga 1988 zuwa 2002, yana nan da aikinsa na Ingila, ya riƙe shugabancin wani shirin bincike a kan tsaron Turai a cibiyar nazarin zaman lafiya ta Kofanhegan, wadda ake taƙaitawa COPRI. Lura da kyau: wannan cibiyar bincike ce mai zaman kanta, ba sashe ba ce na Jami'ar Kofanhegan, kuma yanzu ma babu ita da wannan suna, don a 2003 an haɗe ta da wasu cibiyoyi aka fitar da DIIS, cibiyar nazarin harkokin ƙasa da ƙasa ta Denmark. A COPRI ne ya yi aiki kafaɗa da kafaɗa da Ole Wæver, wanda shi ne ɗan Denmark ɗin na gaske kuma farfesa a Jami'ar Kofanhegan, da Jaap de Wilde, mutumin Holan. Sunan mazhabar ma ba su suka raɗa wa kansu ba. Wani masani, Bill McSweeney, ne ya kira su haka a 1996 a wata maƙala da ya rubuta yana sukar su, sunan ya bi su ya zauna.

Gaskiya ne Jami'ar Kofanhegan ta ba shi matsayin farfesa na girmamawa, kamar yadda Jami'ar Jilin ta ƙasar Sin ma ta ba shi. Amma a nan ɗalibai ke zamewa, don ba sa bambance muƙamai iri uku. Akwai cikakken muƙami, inda mutum ke karɓar albashi, yake koyarwa, yake duba ɗalibai. Akwai emeritus, wanda jami'ar da mutum ya yi ritaya a cikinta take bar masa, ya ci gaba da amfani da sunanta. Shi ne matsayin Buzan a LSE tun 2012. Sai na girmamawa, wanda wata jami'a daban take ba mutum don ƙulla zumunci, ba tare da ya zama ma'aikacinta ba. Ya fi kama da sarautar da ake naɗa wa baƙon da ya yi wa gari abin arziki: rawanin na gaske ne, amma ba ya mayar da shi ɗan garin. Idan za ka ambaci jami'a guda ɗaya tak, LSE ce. Haruffan FBA da za ka gani a bayan sunansa kuwa ba digiri ba ne, alama ce ta cewa an zaɓe shi cikin British Academy, majalisar manyan masanan ƙasar, a 1998. Kada ka jera su tare da digirorinsa.

Wani abin da ke rikita mutane shi ne kujerar Montague Burton. Kujerar farfesa ce da aka sa wa sunan wani attajirin mai ɗinka kwat da wando a Ingila wanda ya ba da kuɗin kafa ta, kuma ba guda ɗaya ba ce. Akwai ta Oxford, wadda Hedley Bull da Adam Roberts suka riƙe, akwai ta LSE, wadda Susan Strange ta riƙe daga 1978 zuwa 1988. Ta LSE ce Buzan ya hau, kuma ba tun zuwansa a 2002 ba. Fred Halliday ya riga shi, shi Buzan a shekarunsa na ƙarshe kafin ritaya ya riƙe ta. Don haka duk wanda ya ga Montague Burton ya rubuta "Buzan na Oxford" ya yi ɓatan kai, kuma ana samun wannan a kundaye fiye da yadda kake zato.

Ƙa'idar da za ta fishe ka ita ce ka bi shekarar aikin da kake kafa hujja da shi. In littafinsa People, States and Fear kake magana a kai, bugun 1983 da na 1991 duka yana Warwick ya yi su. In Security: A New Framework for Analysis ne, na 1998, lokacin yana Westminster da COPRI. Regions and Powers na 2003 kuwa ya fito ne yana LSE. Hanya mafi sauƙi ta tabbatarwa: in maƙala ce, duba ƙasan shafin farko ko ƙarshenta, za ka ga layi ɗaya ko biyu da ke faɗin inda marubucin yake a lokacin, in littafi ne, duba bangon baya ko shafin da ke gaban sunan littafi. Wannan ya fi duk abin da za ka kwaso daga intanet, don shafukan intanet kan tara muƙaman shekara arba'in a jimla ɗaya ba tare da kwanan wata ba.

Bugu biyun nan na People, States and Fear ba abu ɗaya ba ne, a kiyaye. Na 1991 an sake masa fasali bayan ƙarewar yaƙin cacar baka, har ƙaramin sunansa ya canja, shafukan kuma ba su yi daidai ba. Abin da ke faruwa shi ne ɗalibi ya ɗauko lambar shafi daga kundin wani da ya yi amfani da bugun 1991, ya manna mata shekarar 1983. Mai jarrabawa na waje da ke da littafin a kan tebur zai buɗe shafin ya tarar da wata magana daban. Rubuta bugun da ke hannunka, shi ke nan.

Tunda ka ce a kan yankin Tafkin Chadi kake aiki, akwai wani gyaran da ya fi batun jami'a nauyi, kuma ina kyautata zaton jan biron zai biyo ka har can. Ka raba wa kowa abinsa. Ra'in ƙullin tsaron yanki, wato cewa barazana ta fi saurin tsallaka iyakar maƙwabta fiye da tafiya mai nisa, har tsaron ƙasashen yanki ɗaya ya sarƙe ba a iya nazarin ɗaya ba tare da sauran ba, na Buzan ne tun 1983, shi da Wæver suka faɗaɗa shi a 2003. Raba tsaro gida biyar, soja da siyasa da tattalin arziki da al'umma da muhalli, shi ma nasa ne. Amma ra'in securitization, wato yadda shugaba ke ayyana wani lamari a matsayin barazana ga rayuwar ƙasa don jama'a su yarda a ɗauki matakin da ya wuce ƙa'ida, tushensa Wæver ne, wanda ya shimfiɗa shi a wani babi da ya fito a 1995. In da littafin 1998 za ka kafa hujja, sunaye uku ne: Buzan, Wæver da de Wilde. Rubuta "Buzan, 1998" kaɗai cin haƙƙin mutum biyu ne. Kuma ka karanta babin Afirka na littafin 2003 da idon basira: sun ɗauki Afirka ta Yamma a matsayin ƙullin da bai gama ƙulluwa ba, sannan an rubuta shi shekaru kafin tayar da ƙayar bayan Boko Haram ta 2009. Tafkin Chadi ya ratsa Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, saboda haka kai ne za ka kawo hujjar cewa ƙulli ne mai zaman kansa. Kada ka ce su suka faɗa.

Za ka kuma ci karo da sunansa a ƙarƙashin Mazhabar Ingila, wata mazhaba daban a nazarin hulɗar ƙasa da ƙasa, kada ka ɗauka saɓani ne. A 2001 ya rubuta maƙalar da ta yi kira a farfaɗo da ita, a 2004 ya fitar da From International to World Society? a kan haka. Ita ma sunanta na yaudara: cikin jigoginta, Bull ɗan Ostareliya ne, Charles Manning ɗan Afirka ta Kudu. Batun ƙungiyoyi kuma, ya shugabanci BISA, ƙungiyar masanan fannin ta Birtaniya, daga 1988 zuwa 1990, ya kuma yi editan mujallar European Journal of International Relations daga 2004 zuwa 2008. Waɗannan ba sai sun shiga kundinka ba sai in tarihinsa kake rubutawa.

A jerin manazarta ka tabbata "Buzan, B." ka sa. Akwai Tony Buzan, yayansa, mai hanyar nan ta zana tunani kamar rassan bishiya, wanda ya rasu a 2019. Sun ma taɓa rubuta littafi tare a kan wannan hanyar, shi ya sa manhajojin da ke haɗa manazarta da kansu kan cakuɗa su.

Jimlar da za ka maye gurbin waccan da ita tana iya zama haka: Barry Buzan, masanin hulɗar ƙasa da ƙasa ɗan Birtaniya, farfesa emeritus a LSE, wanda ya jagoranci bincike a cibiyar COPRI ta Kofanhegan daga 1988 zuwa 2002. In malaminka ba ya son dogon gabatarwa, yanke ta daga kan LSE.