Makaɗan nan a cikin mashayar za su zauna

Jiya muna kafa kantar mashaya a kan dandamalin wasan kwaikwayonmu ka ce mini, "Maigida, tunda wasan barkwanci ne, me zai hana a ɓoye makaɗa bayan labule, ko a saki kiɗan ta lasifika?" To, ɗana, buɗe kunne: wasanmu a mashayar ƙauyen Ayalan yake faruwa.

Mashayar ƙauye a ƙasar Ayalan majalisar gari ce. Da yawansu a da har shayi da sukari da ashana suke sayarwa, ga murhu a gefe ana ƙona busasshiyar ƙasar fadama a madadin itace. Makaɗansu ba sa hawa wani dandali. Teburi suke kewayewa a lungu: mai goge, mai sarewar ƙarfe, mai ganga mai fuska ɗaya ta fatar akuya, wani lokaci da mai algaitar da ake hura wa iska da gwiwar hannu. Wani ya ɗauko, sauran su bi. Idan tsoho ya fara waƙa ba kiɗa, kowa tsit. Ka ɓoye su, ka kashe ɗakin.

Kuma a hannunsu dariyar take. Mai goge yana ganin fuskar 'yan kallo, ya san lokacin da zai dakata su gama ƙyaƙyatawa, ya san lokacin da zai katse mai cika baki da kiɗa. Lasifika ba ta da ido.

Shi ya sa na ce ka karkata kantar, kada mai mashaya ya ba jama'a ƙeya, teburin makaɗa kuma ya fuskanci ƙofa. Ƙofar nan ka kula da ita ƙwarai. A wasan da Synge, marubuci ɗan ƙasar Ayalan, ya rubuta, wanda aka fara nunawa a gidan wasa na Abbey da ke Dublin a 1907, saurayi ne ya shigo mashayar ƙauye a yankin Mayo yana cewa ya kashe ubansa, aka ɗauke shi gwarzo. Can sai ga uban ta wannan ƙofar, kansa a ɗaure. Namu wasan ma haka yake: baƙo na turo ƙofa, kiɗa ya yanke.

Kofuna kuwa, shayi mai sanyi za ka zuba, ba a shan giya a dandamali. Gobe da safe ka sa wa ƙofar mai, amma sakatar ka bar ta da ƙararta.