Tambaya da Amsa: Na canza Windows zuwa Linux, wifi ya ɓace

Tambaya: Malam barka da aiki. Ina da ƙaramar ordinatar HP Mini da yayana ya bar min, ta yi nauyi da Windows 7 sai wani ɗan ajinmu ya sa min Lubuntu, wani nau'in Linux. Yanzu ta yi sauri amma ba ta ganin rezo ko ɗaya, ko na wayata. Na kai wajen mai gyara ya ce sai an formate ta an maida Windows, jaka biyar. Memuwar ɗina na ciki rabi na rubuta, hankalina a tashe yake. Daga wata ɗaliba, Birni, Damagaram.

Amsa: Ƙanwata kwantar da hankalinki, ordinatarki lafiyarta ƙalau. Kafin komai ki kwafe memuwar ɗin a kile yau ɗin nan, ba gobe ba.

Yawancin irin waɗannan HP Mini katin wifin Broadcom gare su, su kuma Broadcom lasisinsu bai bari a zuba pilot ɗin wasu katunansu (wato ɗan shirin da ke sa katin ya yi aiki) kai tsaye cikin Linux, sai mutum ya ɗauko da kansa. Ki buɗe terminal, wato tagar da ake rubuta wa ordinatar umarni, ki rubuta lspci -nn, in kin ga layin da ke da 14e4 to Broadcom ne. Sai ki jona wayarki da ordinatar da kabul, ki kunna partage de connexion ta USB a wayar don ordinatar ta samu intanet ɗin ɗauko pilot, wannan Linux na karɓa nan take. Daga nan ki shiga Logiciels et mises à jour, Pilotes additionnels, ki zaɓi Broadcom STA, ki bari ya gama ki kashe ki kunna. Ki duba ɗan makunnin wifi na ordinatar kuma, in a kashe yake, rubuta rfkill list a terminal zai nuna miki Hard blocked: yes.

Yanzu maganar formate ɗin nan, wallahi ita ce ke cin raina kullum. Ko me ya samu ordinatar a garin nan sai a ce a formate, sauti ya ɗauke a formate, rezo ya ɓace a formate, kamar mai maganin da ke ba kowa jiƙo ɗaya ko ciwon kai ko karaya. Formate ba ya gyara pilot, share diski yake ya sake shimfiɗa tsarin daga farko, in pilot ɗin bai cikin abin da aka zuba to za ki dawo inda kike, sai dai wannan karon babu takardunki. Kuma da yawansu ba sa ma tambayar ko akwai abu mai muhimmanci a ciki. Da idona na ga wani yaro zaune kan benci a shagona, ya riƙe kai da hannu biyu, aikin wata bakwai ya tafi don kawai wifi ya ƙi kamawa, wanda ya yi masa ɓarnar kuma ya karɓi kuɗinsa cif. Na kwana ina neman fayilolin, kaɗan na samo, don sabon Windows ɗin ya riga ya hau kansu. Abin da minti goma ke gyarawa. Mutum ya ba ka amanar guminsa, in ba ka san matsalar ba ka ce ban sani ba mana, ba abin kunya ba ne, Allah zai tambaye mu kan kuɗin nan. Windows 7 ɗin da yake son maida miki ma tun Janairun 2020 Microsoft ta daina yi masa gyaran tsaro, galibi kuma kwafin sata ne da ya yi yawo a kile ashirin ya kwaso birus.

In kin sa pilot kin ga rezon maƙwabta amma ba na wayarki ba, ki shiga saitin point d'accès na wayar ki maida shi 2.4 GHz, tsaron kuma WPA2, don yawancin irin wannan katin ba sa ganin 5 GHz. In duk ya ƙi, ki turo min abin da lspci ya nuna, kar ki bari kowa ya taɓa diskin.