Kakanmu ne ya fara bin Almasihu, mu gado kawai muka yi?

Ɗan'uwa, ka ce kakanku Bamaguje ne da ya karɓi Kiristanci, kana tambaya ko bangaskiyarku ta zama gado kawai. A ganina akwai gado a ciki, amma ka duba hanyar da ya biyo.

Mutanen zamaninsa a ƙasar Kano da yawa sun haɗu da bishara ne wajen neman magani a hannun 'yan mishan na ƙungiyar Sudan Interior Mission (SIM), waɗanda majami'un da suka kafa suka haɗu suka zama majami'ar ECWA a 1954. Abu na farko da sabon mai bi yake samu shi ne karatu, tunda Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito tun 1932. To, wanda ya iya karatu yakan sa 'ya'yansa a boko, su zama malaman makaranta ko ma'aikatan jinya, su auri 'yan majami'a. Kafin jikoki su zo, sunaye sun koma Bitrus da Rifkatu, addu'ar dare kuma ta zama al'adar gida.

Ba kowa ke bi ba fa. A Sabon Gari za ka tarar da gidan da wani reshe ya musulunta, ana kuma zumunci lafiya, Sallah da Kirsimeti ana aika wa juna abinci. A ECWA kuwa ba a yi wa jariri baftisma, sai ka girma ka furta da bakinka.