Akwatin Tambaya: Wane Inji Zan Sa wa Motata ta Rimot Don Tsere?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina da 'yar a-kori-kura ta rimot ƙirar Traxxas Slash, mai ja da tayoyin baya, da injinta na asali mai burushi, wato 'yan guntayen gawayin da ke kai wa ɓangaren da ke juyawa wuta. Na daɗe ina wasa da ita ni kaɗai, yanzu kuma ina so in shiga tsere a filin gasa. Na ga injina marasa burushi iri-iri, wani an rubuta masa 17.5T, wani 8.5T, wani kuma 5700kV. Abokina ya ce in ɗauki wanda lambarsa ta kV ta fi yawa, tunda shi ya fi gudu. Wanne zan saya?

Amsa: Ɗan'uwa, barka kadai. Abokinka ya faɗi gaskiya a kan gudu, amma shawararsa ba za ta kai ka ko'ina ba a filin tsere. Kafin ka sayi komai, je filin da kake son shiga, ka nemi mai shirya gasar, ka tambaye shi rukunonin da suke yi da injin da aka yarda da shi a kowane rukuni. Tun da kamfanin Traxxas ya fito da Slash a 2008 irin wannan tsere ya bazu, kuma filaye da dama suna da rukuni na musamman da ba a yarda a canza injin asali ba, wato Titan 12T ɗin da ke cikin motarka yanzu. In filinku yana da wannan rukuni, to ka riga ka mallaki injin da kake nema. Ka shiga da shi, ka koyi tuƙi a cikin mutane tukuna.

In babu, ko kuma ranka ya fi kwanciya da marar burushi, ga abin da lambobin nan suke nufi. Harafin T adadin naɗin wayar tagulla ne a cikin injin. Idan naɗin ya yi yawa, injin yana juyawa a hankali, yana kuma shan wuta kaɗan. Idan ya ragu, sai gudu ya ƙaru, zafi da cin batir su biyo baya. Shi ya sa 8.5T ya fi 17.5T gudu nesa ba kusa ba, duk da lambarsa ce ƙarama. Ita kuwa kV tana gaya maka sau nawa injin zai juya a minti ɗaya a kan kowane volt, lokacin da ba ya jan komai. Batirin da aka saba amfani da shi a irin wannan tsere LiPo ne, wato nau'in batirin lithium, mai ɗaki biyu, volt 7.4, yakan kai 8.4 idan ya cika. Lissafa da kanka: 5700 sau 7.4 ya haura juyi 42,000 a minti. Duk wannan ƙarfin a kan tayoyi biyu na baya zai sauka, a kan ƙasa mai ƙura, a mota mai tsayi da ta fi kilo biyu nauyi.

Na sha tsayawa a gefen fili ina kallon abin da ke biyo baya. Sabon ɗan tsere ya fito kwana, ya danna totur, bayan motar ya juyo gaba, ko kuma gabanta ya ɗaga sama ta kife, tayoyi suna ta juyawa a iska. Kafin mai tsaron fili ya rugo ya miƙar da ita, wanda yake tafiya da ƙaramin inji ya wuce shi ya ba shi rabin zagaye. Tsere na minti biyar zuwa takwas ne, kuma adadin zagaye ake ƙirgawa. Kifewa ɗaya tana cinye duk abin da babban inji ya tara maka a miƙaƙƙen layi, wanda dama guda ɗaya ne a yawancin filaye, sauran duk kwana ne da tudun tsalle.

Don haka abin da nake ba ka shawara shi ne 17.5T, girman 540 (lambar girman gangar injin ke nan), mai sensa. In rukunin filinku na 13.5T ne, sai ka bi su. Waɗannan biyun suna cikin rukunonin da aka ƙayyade wa inji, kuma ƙungiyoyin da ke tsara dokokin wasan, irin su ROAR a Amurka da Kanada, suna fitar da jerin injinan da suka amince da su. Duba ko wanda za ka saya yana cikin jerin da filinku yake bi, don kada a dakatar da kai a teburin duba motoci. Rukunin da ba a ƙayyade inji ba, inda za ka ga 8.5T da 7.5T, ka bar shi sai hannunka ya faɗa.

Maganar sensa ce nake so ka fi riƙewa, domin nan ne masu sabon shiga suke yawan yin sakaci. Inji marar burushi yana da wayoyi uku masu kauri. Na'urar sarrafa gudu, wadda ake kira ESC, ita ke aika wuta ta cikinsu bi da bi, kuma dole ta san inda maganaɗisun ciki yake kafin ta aika. A injin da ba shi da sensa, na'urar tana gane hakan ne daga wutar da injin yake mayarwa idan yana juyawa. To idan yana tsaye fa, ko yana tafiya a hankali? Sai ta yi ta laluben duhu. Za ka ga motar tana ɗan karkarwa, tana gaba kamar za ta koma baya, sannan ta fizga. A filin wasa ba ka ma lura. A layin farawa, ko a tsakiyar matsatstsiyar kwana da motoci biyu a gefenka, wannan fizgar ce ke jefa ka jikin bututun da ya kewaye hanya. Mai sensa yana da ƙarin siririyar waya mai layi shida da ke gaya wa na'urar matsayin maganaɗisun a kowane lokaci, don haka motar tana bin yatsanka daidai gwargwadon yadda ka ja kunamar rimot.

Wannan yana nufin sai ka canza ESC ma, domin wadda ta zo da motarka ta injin burushi ce kawai. Nemi mai karɓar sensa, mai kuma yanayin da 'yan tsere suke kira "blinky", inda fitilarta ke ƙyaftawa don nuna cewa ba ta ƙara wa injin komai ta ɓoye ba. Wajen haɗa wayoyi, A ta tafi A, B ta tafi B, C ta tafi C. Dabarar nan ta musanya waya biyu don juya alkiblar inji ta marar sensa ce, kada ka gwada ta a nan.

Sauran aikin giya ne da zafi. Tunda 17.5T ba ya juyawa da sauri, yana son ƙaramar giyar da ke kan sandarsa ta fi ta yanzu yawan haƙora. Ana lissafin ne haka: haƙoran babbar giya a raba da na ƙarama, a ninka da 2.72, wanda shi ne rabon akwatin giyar Slash mai jan baya. A ce 86 da 20, ka sami kusan 11.7. Tambayi masu irin motarka a filin lambar da suke kai, ka fara daga can. Ka yi tuƙi na tsawon tsere cikakke, ka cire gangar jikin motar nan take, ka auna injin da ma'aunin zafi. In ya haura digiri 75 zuwa 80 a ma'aunin Salshiyas, rage wa ƙaramar giyar haƙori ɗaya ko biyu. Zafi yana raunana maganaɗisu, kuma ƙarfin da ya tafi ba ya dawowa. Gangar jikin irin wannan mota ta rufe har tayoyi, iska ba ta shiga sosai, saboda haka 'yar fanka a kan injin tana da amfani ƙwarai.

Tambaya: Malam, tawa mai ja da tayoyi huɗu ce. Na sa mata 17.5T kamar na abokaina, amma ba ta da kuzari, kuma injin yana zafin da ba na iya taɓa shi. Ya lalace ne?

Amsa: 'Yar'uwa, da wuya a ce lalacewa ce, kaya ne suka fi ƙarfinsa. Mai jan taya huɗu ta fi nauyi, ga ƙarin giyoyi da sanduna da injin zai juya, ga tayoyi huɗu da suka kama ƙasa ba sa sulɓewa su ba shi hutu. Abin da aka saba sa wa irin taki shi ne inji mai sandunan maganaɗisu huɗu, galibi girman 550 wanda ya fi 540 tsawo, mai sensa, tsakanin 4000kV da 4600kV a kan batir mai ɗaki biyu. Kamfanonin Tekin da Hobbywing duk suna yin irinsu. In filinku ƙarami ne mai yawan kwana, ki tsaya kusa da 4000. Ki lura cewa sandar irin waɗannan injina yawanci milimita 5 ce, ta 540 ɗinki kuma milimita 3.17, don haka ƙaramar giyarki ta yanzu ba za ta shiga ba, sai kin sayi wata. Ki kuma duba takardar ESC ɗinki ki tabbatar tana ɗaukar inji mai wannan ƙarfi kafin ki haɗa su.