Shokazoba ga tsohuwar Mercedes 280 SL

Malam, ka ce ka samo 280 SL ta 1981, tana lilo kamar kwalekwale a hanyar Katsina zuwa Daura, kana tunanin sa mata gajerun sifirin da shokazoba masu tauri. Don Allah kada ka taɓa tsayinta. Dama ƙasa-ƙasa take, in ka ƙara sauke ta, tudun rage gudu na farko a Ƙofar Ƙaura zai daki cikinta.

Kafin ka kashe ko sisi, sa bakanike ya ɗaga ta ka leƙa da kanka. Robar bushin (wato robar da ke mahaɗar ƙarafan ƙafafun mota) da ta haura shekara 40 cikin zafin nan namu ta gama tsagewa. Na taɓa danna ɗaya da babban yatsa, ta marmashe min a hannu kamar busasshen ƙuli. Sabon shokazoba a kan irin wannan roba asarar kuɗi ce.

In an canza robobin, ni shokazoba ƙirar Bilstein B4 zan sa, don laushinsa ya yi kusa da na asali. B6 ya fi riƙe mota a kwana, amma kowane rami sai ka ji shi a ƙugu. Canza huɗun tare, sannan a daidaita ƙafafun.