Ga ƙanwarmu mai son binciken tunawa ta hoton ƙwaƙwalwa

Wa'alaikumus salam, ƙanwata. Kin ce kin kammala digirin farko a ilimin sassan jiki a nan Jos, kina son digirinki na biyu ya kasance kan yadda ƙwaƙwalwa ke riƙe abu, amma an ce miki kada ki soma tunda ba ki da na'urar MRI ta bincike, wato mai ɗaukar hoton cikin ƙwaƙwalwa. Ni ma haka aka gaya mini, na zauna kusan shekara guda ina jira, alhali mafi yawan aikin ba a ɗakin na'urar ake yin sa ba.

Kakata ce ta jawo ni fannin. A ƙarshen rayuwarta takan tambaye mu sau uku ko ta yi la'asar, amma in aka ja mata surar da ta haddace tun tana yarinya, sai ta kai ta ƙarshe babu tuntuɓe. Daga baya na karanta labarin Henry Molaison, wanda aka yi wa tiyata a Amurka a 1953 saboda farfaɗiya, aka cire masa mafi yawan hifokamfas, wato sashen ƙwaƙwalwa da ke taimakawa wajen adana sabon abu, ta gefe biyu. Tun daga nan ya daina riƙe sabon abin da ya same shi, amma mai bincike Brenda Milner ta nuna cewa hannunsa yana ƙara ƙwarewa wajen bin zanen tauraro ta madubi, shi kuwa bai tuna ya taɓa gwadawa ba. Nan na gane cewa tunawa iri-iri ce, kowace da hanyarta.

Ki fara sanin abin da na'urar take gani. Hoton aikin ƙwaƙwalwa yana bin canjin oksijin a cikin jini ne, dabarar da Seiji Ogawa ya bayyana a 1990, kuma alamar takan kai ƙololuwa kamar daƙiƙa 5 bayan jijiyoyin sun yi aikinsu. Don haka ƙididdiga ce rabin sana'ar, ni kuwa sai da na sha wuya na yarda. Na taɓa samun ja da rawaya, launukan da ke nuna inda ƙwaƙwalwa ke aiki, sun haska a hoto daidai yadda nake fata, na kwana ina murna, washegari mai duba aikina ya buɗe bayanan motsin kai ya nuna mini cewa mutanen suna ɗan gyaɗa kai duk sanda za su danna maɓalli. Aikin wata uku ya tafi.

Bayanan da za ki koya da su suna nan kyauta a rumbunan intanet na OpenNeuro da Human Connectome Project, manhajojin nazarin hoton ƙwaƙwalwa FSL da SPM da FreeSurfer ma kyauta ne ga ɗalibi. Ki koyi Python, harshen shirya manhajar kwamfuta, ki nemi shiga Neuromatch Academy, kwas kan lissafin aikin ƙwaƙwalwa da ake yi ta intanet tun 2020, ki kuma sa ido kan makarantun da IBRO, ƙungiyar binciken ƙwaƙwalwa ta duniya, ke shiryawa a Afirka. Ki tanadi batir ko sola, domin FreeSurfer kan ɗauki sa'o'i a kan ƙwaƙwalwa ɗaya, kuma sau biyu aka ɗauke mini wuta ana dab da gamawa. Ki ɗauki bincike guda da aka riga aka wallafa, ki sake lissafinsa da hannunki, sannan ki rubuta wa malamin da kike so ya duba ki, ki haɗa da sakamakon. Irin wannan wasiƙar ce aka amsa mini.

Kada ki raina abin da ke hannunki. Mai bincike Eleanor Maguire, da direbobin tasi 16 na Landan kawai, ta nuna a 2000 cewa ɓangaren baya na hifokamfas ɗinsu ya fi na sauran mutane girma. Tambayarta ce ta yi ƙarfi. Mu ma muna da tamu. Gwajin mantuwa da aka saba da shi yana sa dattijo ya riƙa cire bakwai daga ɗari, wanda bai yi boko ba sai ya faɗi ko da lafiyarsa ƙalau, alhali yana iya kawo miki hizbi da ka. Ke kina jin Hausa, kina iya zama da waɗannan dattawa ki gwada su da harshensu, kuma wannan aikin ba ya jiran na'ura.

In kin sauke bayanan farko kika maƙale, ki rubuto nan, zan duba in sha Allah.