Tambaya da Amsa: Me ya sa ƙarshen suna ke sauyawa a harshen Poland?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na samu gurbin karatu a ƙasar Poland, kuma na fara koyon harshensu tun ina nan Gusau. Sai na ga ana rubuta sunan babban birninsu Warszawa a wani wuri, Warszawy a wani, Warszawie kuma a wani. Shin kuskuren bugu ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Ba kuskure ba ne, ɗana. Duk wanda ya taɓa zama gaban malamin zaure ya karanci Nahawu ya san yadda ƙarshen suna a Larabci ke ɗaukar rufu'a ko fataha ko kisira gwargwadon aikinsa a cikin jimla; to, haka abin yake a harshen Poland, sai dai halayen suna a wurinsu 7 ne, yayin da na Larabci 3 ne. Warszawa ita ce siffar asali, "do Warszawy" na nufin zuwa birnin, "w Warszawie" kuma a cikinsa. Ko korewa kaɗai tana sauya suna: "mam książkę" shi ne ina da littafi, amma ba ni da littafi sai a ce "nie mam książki".

Wajen jinsi kuwa, Bahaushe yana da ɗan sauƙi, domin yawancin sunayen tamace a can da wasalin "a" suke ƙarewa, tamkar namu, irin su kobieta, wato mace. Har togaciyar ma akwai kama: yadda uba da gida suke jinsin namiji a Hausa, haka mężczyzna, wato namiji, take a wurinsu. Suna da jinsi na uku da ba namiji ba tamace, wanda galibi yake ƙarewa da "o" ko "e", kamar okno, taga.

Inda na ga ɗalibai sun fi tuntuɓe shi ne ƙidaya. Kyanwa 2 zuwa 4 ana cewa koty ne, daga 5 kuma sai ta koma kotów, har a kai 22 sannan koty ta dawo. Shawarata ita ce kada ka haddace suna shi kaɗai. Ka riƙe shi tare da jinsinsa a cikin gajeriyar jimla, kamar yadda na kawo maka misalin littafi a sama.